Ruwan Jego a Garin Jalo

Ni dai ba son tarihi ne ya fara kai ni Ƙungiyar Tarihin Gwarzo da Kabo ba. An ce mini duk ranar da suka fita yawo akwai burodi da lemo, sannan sakatariyarsu Naja'atu ce, 'yar ajinmu a firamare, wadda tun da ta fara koyarwa a Islamiyya ta koma amsa gaisuwata da ka. Na naɗe lemar da nake sana'ar buga waya a ƙarƙashinta a bakin tashar Kabo, na je na ce a sa sunana, Tasi'u, masoyin tarihi tun daga goye.

Ciyaman ɗinmu Malam Datti ne, tsohon malamin makaranta, dogo, siriri, kullum da hirami a kafaɗa. Zamanin ostariti da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Maimakon ya kama noma ko tireda kamar kowa, sai ya sayi rikoda ya shiga bin tsofaffi gida-gida. Daga nan ƙungiya ta samo asali. Mu ne muka je Mainika muka tsaya a kan ramukan wata tsohuwar marina da yanzu awaki suke kwana a ciki, yana ta kwatanta mana shuɗin baba har na fara jin warinsa a hancina. Mu ne a Unguwar Tudu muka zagaye wani tudun ƙasa da ya ce ragowar ganuwa ce. Na ce, "Malam, wannan ai juji ne." Ya ce, "To Tasi'u, tona mana mu gani." Ranar nan da hannuna duk kanta na ci burodi.

Malam Datti ya san asalin kowa. Ka faɗa masa sunan kakanka, zai gaya maka daga ina suka taso da abin da ya koro su. Amma ka tambaye shi nasa, sai ya gyara hirami ya nuna maka wajen dam. A Garin Jalo aka haife shi, wani ɗan ƙauye da ruwan dam ya cinye tun kafin a haife ni. Mahaifiyarsa Bilki ba ta kai ga yin arba'in ba Allah ya karɓi abarsa. 'Yar'uwar babansa ta goyo shi zuwa Gwarzo, uban ma ya tashi, gidan ya zama kango, aka share aka shuka gero. Ya girma yana cewa zai je, karatu ya hana, aiki ya hana, ranar da ya shirya ruwa ya riga shi. Bai san fuskar uwarsa ba, bai san ɗakinta ba. Duk abin da yake so bai wuce ya tsaya da ƙafarsa a inda ɗakin nan yake ba, inda aka binne cibiyarsa.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi rowa, rani ya yi tsawo, masu lambu suka yi ta zuƙe dam da injina. Ruwa ya ja baya, ya ja baya, har wani masunci mai suna Zubair ya shigo mana mitin da ƙafafunsa duk taɓo, ya ce bakin rijiyar Garin Jalo ya fito.

"Amma in za ku zo ku zo," in ji shi. "Hadari ya fara leƙowa. Da an yi ruwa mai ƙarfi rafi ya kawo, shi ke nan, sai kuma wata shekarar, in ma akwai."

Malam Datti ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

To rijiya ta fito, gidan fa? Ginin ƙasa ba ya zama a cikin ruwa ya jira ka. Mutanen garin da suka rage sun san garin, amma inda kake tambaya su gonar gero suka sani. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya wadda ta taɓa shiga gidan nan yana gida, kuma a gidanmu take, Gwaggo Marka. Kakata ce, uwar babana, amma duk Kabo Gwaggo ake ce mata. Ni matata nake ce mata, ita kuma ta ce mini mijin banza, kamar dai yadda jika da kaka suka saba.

Muka kai mata Malam har tsakar gida. Naja'atu ta danna rikoda ta ajiye a kan tabarma, aka yi gaisuwa har kaset ya kusa rabi.

"Gwaggo, gidan Bilki, a wane ɓangaren gari yake?" in ji Malam.

"Yana nan jikin tsamiya."

"Wace tsamiyar, Gwaggo?"

"Ta gidan Bilki mana."

Na ce, "Kun ji ko? Matata ta gama muku aiki, a tashi a ci burodi."

Ta wurgo mini mafici. Sannan idonta ya tafi wani wuri. Ta ce ita ta ɗebo wa Bilki ruwan wankan jego. A garinsu in mace ta haihu, ba a barin 'yan gidan su je rijiya, 'yan matan maƙwabta ne suke ɗebo ruwan da za a dafa mata ta yi wanka, safe da yamma, har ta yi arba'in. Ita lokacin ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, amma ita aka fi aika don ba ta fasa tulu. Ta juyo ta ƙare wa Malam Datti kallo daga hula har takalmi.

"Kai ne jaririn?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ka lalace," ta ce. "Da kana da kumatu."

Sai dai gabas ko yamma, kusa ko nesa, ba ta iya faɗa ba. Duk tambayar da aka yi sai ta koma tsamiya. Malam ya ce a kai ta wurin, wataƙila in ta gani da ido ta tuna.

Ranar tafiya muka yi shatar wata bas da ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Lokacin Shari'a ta kankama, a mota maza gaba mata baya. Na lallaɓa zan wuce baya na ce ai kusa da iyalina zan zauna.

Naja'atu ta tare hanya da jakar rikoda. "Gwaggo, kin san wannan?"

"Na sake shi tun yana cikin tsumma," in ji Gwaggo. "Ya koma gaba."

Ita ce magana ta farko da Naja'atu ta yi a kaina a shekarar nan, ko da yake ba da ni take ba. Na riƙe ta har muka isa.

Inda mota ta tsaya, daga nan ƙasa ta canza. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Fari fat, ya tsattsage kamar an fasa tukwanen duniya an shimfiɗa, ba ciyawa, ba inuwa, sai ɓawon dodon koɗi yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Can nesa ragowar ruwan dam yana rawa, ba ka sanin inda ruwa ya ƙare kawalwalniya ta fara. Balbelu suna tsaye a ciki kamar a iska suke. Muryarka ma in ka yi magana sai ka ji ta tafi ba ta dawo ba. Ni da bakina ba ya hutawa, na yi tafiya mai nisa ban ce uffan ba.

Zubair ya kai mu rijiyar. Wasu baƙaƙen itatuwa ne huɗu a gicciye, sun sha ruwa har sun koma kamar ƙarfe, tsakiyarsu cike da laka. A jikin ɗaya akwai zanen da igiyar guga ta ci. Gwaggo ta sunkuya ta sa yatsa a cikin zanen, ta daɗe. Muka yi cirko-cirko muna jira.

Ta miƙe ta duba gabas, ta duba yamma. Ta yi taku kaɗan ta dawo. Ta nufi wani wajen ta sake dawowa.

"Ba nan ba ne," ta ce. "Rijiyar tamu ce, amma ba garinmu ba ne. Ina kuka kai garin?"

"Gwaggo, yi a hankali," in ji Naja'atu. "In kin baro rijiya, dama kike yi ko hagu?"

"Ke yarinya, wa yake dama da hagu a garinsu? Tafiya kawai ake yi."

Ta zauna a kan itacen rijiyar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Rana ta take. Daga gabas wani hadari ya tokare, ƙasansa baƙi, samansa fari kamar auduga, ba ya gaba ba ya baya. Malam Datti ya tsaya yana kallon filin nan, wai ko'ina zai iya zama ɗakin uwarsa. Can ya juyo ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Mun wahalar da tsohuwa. A ba ta ruwa mu koma. Na ga rijiyar da suka sha, Alhamdu lillahi."

Yadda ya ce Alhamdu lillahin nan ne ya hana ni sakat.

Na ɗauko jarkar ruwanmu zan zuba mata, sai na tuna wani abu. A gida, in Gwaggo ta ɗora kwano ko ƙwarya a ka za ta kai ɗaki, sau da yawa sai ka ga ta karkata ta nufi katanga, inda ba ƙofa ba komai, har sai goshinta ya kusa taɓawa sannan ta farga. In na ce, "Matata, za ki fasa mana gida," sai ta ce, "A garinmu nan lungu ne." Hannu sake ba ta taɓa yi. Sai da kaya a ka.

Na durƙusa a gabanta. "Ke wace irin mata ce? Tun da na aure ki ko ruwan alwala ba ki taɓa ɗebo mini ba. Ga rijiya, ga ki, ga ni."

"Tasi'u, ba lokacin wasa ba ne," in ji Malam.

"Malam, ku bar ni da iyalina."

Na ɗora mata jarkar a ka. Ta girgiza wuya, ta ture ta. "Wannan abin kukan me yake? Ruwa ba ya haka. Ku kawo tulu in za ku kawo."

Na kalli Zubair, ya kalle ni. Bukkarsa tana can bakin ruwa. Na kwasa a guje, laka tana fashewa a ƙafata, na yi wa matarsa sallama da gaisuwa da bayani duk a numfashi ɗaya. Ta ba ni wani ɗan tulu mai baƙin gindi tana kallona kamar a kai ni asibiti. Na ɗebo ruwan dam rabinsa, don wuyan tsohuwa, na dawo.

"Ina gammo?" in ji Gwaggo. "Kai a gidanku haka ake ɗora tulu a kan ƙashi?"

Kafin in nemo tsumma, Malam Datti ya zare hiramin nan da ban taɓa ganin kafaɗarsa babu shi ba. Ya naɗe shi da kansa, ya ɗora mata. Ni da Naja'atu muka kama tulun muka aza.

Ruwan ya yi wani ɗan kuka a ciki, ƙul, ƙul, ya kwanta. Na ga bayan Gwaggo ya miƙe. Tsohuwar da ba ta zuwa bakin zaure sai da sanda, ta saki sandar ta faɗi, ta sa hannu ɗaya ta dafa tulu, ta juya wa rijiya baya, ta kama tafiya. Ba ta duba ko'ina ba.

Muka bi ta. Naja'atu ta danna rikoda.

Ba miƙewa take ba. Ta yi gaba kaɗan ta karkata, ta sake karkatowa, a filin da ba abin kaucewa ko tsinke. Wani wuri ta ɗaga ƙafa ta tsallake abin da ba mu gani. Ruwa yana ɗan fantsalowa daga bakin tulun, yana barin ɗigo baƙi-baƙi a kan farar ƙasa.

"Ina kwana, Baba Jibirin," ta ce da iska, ta ɗan rusuna ba tare da tulun ya motsa ba. "Lafiya lau. Tana jin sauƙi. Za ta ji."

Na matso gefenta don kar ta faɗi. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Fita daga ɗakin mutane. Ba ka ga katanga ba?"

Na yi tsalle na koma bayanta, har ina cewa a yi haƙuri. Daga nan muka jeru ɗaya bayan ɗaya, don lungun ƙunci ne da shi. Zubair ma da ya shekara yana wuce wurin nan da kwalekwale, sai da ya matse kafaɗu.

Ni ban san ko rana ce ta buge ni ba. Amma wallahi a lungun nan na ji sanyin inuwa a wuyana. Na ji ƙamshin hayaƙin kara, na ji kamar ana daka a wani gida can ciki, taɓarya biyu suna amsa wa juna. Kawalwalniyar da take nesa ta matso ta tsaya dama da hagu, tsayin katanga, tana rawa. Na waiwaya in tsokani Naja'atu in ce ta gaishe da mutanen gari, sai na ga ta ja hijabinta ta gyara, irin na wadda ta shigo unguwar da ba a san ta ba. Na haɗiye maganar.

Gwaggo ta rage tsawo, ta lanƙwasa gwiwa ta wuce ƙarƙashin wani abu. Malam Datti da yake bin ta a baya, duk tsawonsa, ya sunkuya shi ma.

"Tsamiyar ke nan," ya ce, ba da kowa ba.

Kaɗan ta ƙara ta tsaya cak.

"Salamu alaikum."

Shiru. Iska ta taso daga wajen hadarin, ta kaɗa mata mayafi.

"Salamu alaikum," ta sake cewa. Wuyanta ya fara rawa. Na miƙa hannu zan sauke mata, ta ce, "Kar ka taɓa. 'Yan gida ne suke saukewa."

Muka kalli juna. Gidan da masu shi suka watse tun kafin a haifi babana, wa zai amsa? Ta buɗe baki za ta yi ta uku, kuma na san halin matata, in ta yi uku ba a amsa ba juyawa za ta yi.

Malam Datti ya raɓa ta gefenta a hankali, kamar mai gudun goge bango, ya shiga gabanta, ya juyo ya fuskance ta.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Sannu da zuwa. Shigo."

Ta shiga. Na ɗaga ƙafa zan bi, ta ce, "Maza a zaure." Ni da Zubair muka tsaya a inda aka ce zaure ne, rana tana dukanmu. Naja'atu ta wuce ni tana murmushi, wannan karon da ni take.

Daga zauren muna ganin komai, tun da ba bango. Gwaggo ta ratsa tsakar gida, ta kewaye wani abu mai faɗin ɗaki, ta tsaya a bayansa. Malam ya sa hannu biyu ya sauke mata tulun.

"Nan ne murhu, nan take zama a kan turmi ta yi wankan," in ji Gwaggo, tana nunawa da ƙafa. "Ga ƙofar ɗakinta nan, tana kallon gabas. In na shigo sai ta ce, Marka kin sha hanya, leƙa ki ga mijinki. Doguwa ce, wuyanta kamar naka." Ta matsa kaɗan ta dangwala ƙasa da babban yatsa. "Cibiyar kuma nan. A nan ake zubar da ruwan wankan, don wurin ya yi ta samun ɗumi."

Ta karkata tulun ta tsiyaye. Ƙasar ta sha da wani ɗan sauti, tsagun suka cika suka haɗe, ƙamshin ruwan farko ya tashi tun ba a yi ruwan ba.

Malam Datti ya cire takalmi. Ya taka wurin da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, laka ta fito ta tsakanin yatsunsa. Ya tsaya a nan ya ɗaga hannu yana addu'a, bakinsa yana motsi, mu ma daga zaure muka ɗaga. Da ya shafa, bai sauko da hannun daga fuskarsa da wuri ba.

Gwaggo ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin. "Ina jaririn? Yau ban ji kukansa ba."

Na ɗaga murya daga zaure. "Ga shi nan a gabanki, matata, har da furfura. Kukan ma yanzu ya gama."

Malam ya yi dariya, hancinsa a toshe. Gwaggo ta yi tsaki ta ce wa ya bar mijin banzan nan ya leƙo gidan mutane. Sannan ta zauna a ƙasa, bayanta ya koma yadda na san shi, ta ce ƙafafunta ciwo suke, a nemo mata sandarta. Can gabas aka yi wata tsawa mai nisa, kamar ana mirgina turmi.

Ta miƙa hannu wajen tulun. "A ɗora mini. Saura na yamma."

Malam Datti ya riga ta ɗauka. Ya warware hiramin daga kanta, ya sake naɗewa, ya ɗora a kansa, a kan hular, ya aza tulun a karkace irin na wanda bai taɓa yi ba.

"Ki huta, Gwaggo," ya ce. "Na yamma ni zan ɗebo."

Ya fito ta zaure, muka matsa masa. Ɗigon ruwan da ta bari a hanya ya fara bushewa, wasu sun ɓace, amma bai tsaya nema ba. Muna kallonsa ya sunkuya a ƙarƙashin tsamiya, ya shiga lungu, ya karkata inda ta karkata. Da ya kai daidai ƙofar Baba Jibirin, na ga ya rage tafiya ya ɗan rusuna.